Ƙarfen da Ya Haye Gada

Litinin, 3 ga Mayu, ƙarfe bakwai na safe

Na jawo jar taraktar marigayi mahaifina daga rumfa. Shekararta talatin da huɗu, amma bugu biyu ta tashi. Inji lafiya ƙalau. Matsalar a baya take, a shaf ɗin nan da ke leƙowa ƙarƙashin kujera, wanda ke juya duk abin da aka ɗaura mata. Ƙungiyar manoma ta ba mu aron babban famfon feshi da tankinsa, na zo haɗawa, baki ya ƙi shiga baki. Famfon manyan haƙora shida yake so. Shaf ɗinmu irin na da ne, ƙananan haƙora goma, su ma duk sun cinye. Ga mai yana ɗiga ta gindinsa.

Matata Fusae ce ke goya ƙaramin famfon hannu, safe da rana da yamma, tana fesa ɗakin shanu da bango da bakin ƙofa. Ni tun aikin da aka yi mini a baya likita ya hana ni goyo. Shekararta sittin da uku. Jiya na ga ta kasa ɗaga hannu ta ɗaure gashinta.

Hanyar ƙauyenmu fara fat da garin farar ƙasa da ake barbaɗawa don kashe cutar dabbobi. Abin da ake faɗa a rediyo ba zan rubuta shi a nan ba.

Shanu goma sha huɗu, duk sun ci.

Talata, 4 ga Mayu, bayan abincin rana

Na tsiyaye man akwatin giya. Baƙi ƙirin, ga ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli a ciki. Na kwance noti shida, na cire murfin baya. Boris ya mutu, robar da ke tare mai ta bushe ta tsage.

Da a ce da ne, sai in tsaya a bakin rafi in ƙwala wa Jinpei kira, ya hayo gada da sifanu a aljihu yana zagina. Tare muka yi firamare, shi ne bakaniken ƙauyen nan kafin ya koma kiwo. Tun ranar Juma'a aka rufe ƙofar gidansa da shuɗin tamfol. Ba shiga, ba fita. Gidansa ne na farko da cutar ta shiga a wannan kwarin.

Ban kira shi ba. Me zan ce masa?

Duk sun ci.

Alhamis, 6 ga Mayu, da hantsi

Na buga wa mai sayar da kayan tarakta na cikin gari. Ya ce, "Nagatomo-san, an daina yin wannan tun ina ɗan makaranta." Boris da roba yana da su, zai ajiye mini a shingen feshi na bakin titi. Shaf kuwa, ko za a sassaƙa sabo sai bayan wata guda.

Wata guda.

Juma'a, 7 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Jinpei da kansa ya kira ni. Ko gaisuwa babu.

"Toku-yan, kwana uku ina jin gudumarka daga nan. Tarakta kake gyarawa ko kashe ta kake yi?"

Na ce, "Kai da kunnenka na jemage. Ina ruwanka?"

"Ruwana shi ne ni zan sha wahalar gyara ɓarnarka. Me ya same ta?"

Na gaya masa. Sannan ya ce tsohuwar taraktarsa, 'yar'uwar tawa, tana nan a bayan gareji. Shekara goma da suka wuce ya sassaƙa mata shaf mai haƙora shida da hannunsa. Injinta ya mutu, amma shaf ɗin garau yake.

Ya ce, "Garejin yana nesa da ɗakin shanu, ka dai sani. Ba zan ce ka karɓa ba. Na faɗa maka ne kawai."

Na tambaye shi yadda shanunsa suke. Ya ce har yanzu ba a zo ba, wai ba a samu filin da za a haƙa a binne su ba. Yana dama musu dusa ruwa-ruwa saboda ba sa iya tauna. Daga nan muryarsa ta canja, sai ya ce matarsa Kimie tana kiransa. Ban ji muryar Kimie ba.

Namu duk sun ci.

Asabar, 8 ga Mayu, da safe

Mun yi faɗa da Fusae a kan abincin safe.

"Baban Shiho, hankalinka ɗaya? An ce ko tsinke kada ya fito daga gidan nan, kai kana maganar ƙarfe?"

Na ce ƙarfe ne, ba ciyawa ba, kuma dafa shi zan yi. Na ce ta dubi inda iska ke busowa, daga wajensu take zuwa kullum. Famfon hannu ba ya kai rufi, ba ya kai filin gaba. Na ce ta dubi kafaɗarta.

Ta ce, "Kafaɗata tawa ce. Na kawo maka ƙara?"

Ta aje kwanon miyar miso ba ta sha ba, ta goya famfonta ta fita.

An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ba a faɗi yadda za ka yi ba in guga tana gidan ɗan'uwan.

Lahadi, 9 ga Mayu

An rufe gida uku a gangare. Ɗaya na masu aladu ne.

Litinin, 10 ga Mayu, ƙarfe biyu na rana

Na karɓo.

Da tsakar rana muka yi, lokacin da kowa ke cin abinci. Ya fito cikin rigar leda da sabon takalmin roba, ya aje bokiti a tsakiyar gada, ya koma can ƙarshenta ya tsaya. Shaf ɗin yana nutse cikin ruwan soda. Na juye shi cikin nawa bokitin ban taɓa nasa ba.

Ya rame. Hularsa ta yi masa yawa.

Ya ɗaga murya ya ce, "Kada ka buga shi da guduma, ƙato! Katako za ka sa a tsakani!"

Na ce, "Na ji, malam. Je ka ci abinci, kana neman zama sandar rake."

Ya yi dariya, ya ɗaga hannu, ya juya.

Babbar tukunyar Fusae ta turara shinkafar sabuwar shekara ita kaɗai ce za ta ɗauke shi. Na hura wuta a tsakar gida na tafasa shi awa guda, na sake ruwa na ƙara rabin awa. Na ƙona safar hannuna, na wanke takalmi sau biyu, na yi wanka. Tana tsaye a ƙofar kicin tana kallo.

Duk sun ci.

Laraba, 12 ga Mayu, da yamma

Kwana biyu ina ƙarƙashin tarakta, waya maƙale a kafaɗa, Jinpei yana ba ni umarni kamar sabon ɗan koyo.

Sabon boris ya ƙi hawa shaf. Ya ce in sa shaf ɗin a firiza ya kwana, in ɗumama boris cikin mai. Fusae ta buɗe firiza da safe za ta ɗauki kifi, ta ga ƙarfe kwance kusa da shi. Ta ce, "Shekaranjiya an dafa shi, yau an daskarar da shi. Gobe soya shi za a yi?" Maganarta ta farko ke nan a gare ni tun Litinin. Boris kuwa ya zame ya shiga kamar an roƙe shi.

Akwai ɗan sifirin da 'yar ƙwallon ƙarfe da ke riƙe liba kada ta fice. Ya gargaɗe ni sau uku. Duk da haka ƙwallon ta yi tsalle ta ɓace. Ni da Fusae muka yi ta rarrafe cikin tsakuwa, shi yana cikin waya yana cewa, "Shekara sittin ina faɗa, yatsunka duk manyan yatsu ne!" Ita ta samo ta, a cikin naɗin ƙafar wandona.

Mun yi dariya mu uku. Sai da na aje wayar na tuna a ina yake tsaye yana dariyar.

Duk sun ci.

Alhamis, 13 ga Mayu, ƙarfe goma na safe

Ta yi!

Sabuwar roba, sabon mai, na ɗaure murfi. Famfo ya shiga shaf ɗin tsaf. Na taka kuloci, na tura liba, na saki a hankali. Babu ƙara, babu rawa, babu ɗigo. Ruwan magani ya tashi har saman rufi, ya wuce ya sauka a bayan ɗaki. Aikin da ke cin Fusae awa biyu na yi shi cikin minti goma sha biyar.

Ta rataye famfon hannu a ƙusa. Ta dafa mini shayi ta kawo har kan tarakta.

Na kira Jinpei na ɗaga wayar sama don ya ji. Ya ce, "Ba sai ka ɗaga ba, ina ji daga nan. Rage wuta kaɗan, kana wahalar da famfon mutane."

Duk sun ci.

Asabar, 15 ga Mayu

Motar haƙa ta shiga gonar Jinpei da safe. Na bar tarakta a kunne har yamma, ko da yake na gama feshi.

Litinin, 17 ga Mayu, da hantsi

Saniyarmu Momo ta haihu, mace, baƙa sumul. Na ce wa Fusae kada ta raɗa mata suna tukuna. Ta ce ta riga ta raɗa, Satsuki.

'Yarmu Shiho ta kira daga Osaka, tana so ta zo. Na ce ta zauna inda take.

Fusae ta ji a waya cewa an rataye wa su Jinpei wata takarda a tamfol ɗin ƙofarsu, ba suna. Ba a gaya mata abin da aka rubuta ba, ko kuma ba ta gaya mini ba. Mutanen da ya gyara wa injuna shekara talatin, rabi ma kyauta.

Goma sha biyar. Duk sun ci.

Laraba, 19 ga Mayu, da yamma

Mai nawa na zuba, lita nawa, na manta. Na sake duba noti shida na murfi, duk a ɗaure suke. Na sake dubawa. Na shafa wa haƙoran giris.

An ce za a zana da'ira a taswira, duk wanda ya faɗa ciki za a yi wa dabbobinsa allura. Kowa ya san abin da ke biyo bayan allurar: rami. Ba a ce ga inda layin zai bi ba tukuna. Wataƙila rafi ne zai zama iyaka.

Duk sun ci.

Juma'a, 21 ga Mayu, ƙarfe shida na safe

Saniyarmu Tsuru ba ta ci ba.

Juma'a, ƙarfe tara

Tsohuwa ce, shekararta goma sha huɗu, tana yin haka in zafi ya taso. Na sake fesa ko'ina.

Juma'a, ƙarfe ɗaya na rana

Na buɗe bakinta, duk ƙuraje.

Daga goma ga wata, ranar da na karɓo shaf, zuwa yau kwana goma sha ɗaya. Na ƙirga a kalanda, na ƙirga da yatsu.

Fusae ta shigo ta gani. Ta tsaya riƙe da bokiti. Ta ce, "Da tukunyata." Shi ke nan abin da ta ce. Ta aje bokitin, ta samo tsumma mai laushi ta shiga goge wa Tsuru baki.

Ni na buga wa ofishin dabbobi da kaina.

Asabar, 22 ga Mayu, da rana

Likita Iwakiri ta zo, ita da wasu biyu cikin fararen kaya, idanu kaɗai ake gani. Ita ce ta karɓi haihuwar rabin shanun nan. Ta duba, ta ɗauki hoto, ta sunkuyar da kai gare mu ta daɗe ba ta ɗago ba.

Akwai takardar tambayoyi. Wa ya shigo, wace mota, wane abinci. Ta ce, "Nagatomo-san, cikin mako uku da suka wuce, akwai wani abu da ya shigo gidan nan daga wata gona? Kaya, kayan aiki, komai ƙanƙantarsa?"

Tarakta tana tsaye bayanta, taku biyar. Na buɗe baki.

Fusae ta ce, "Babu, likita. Ba abin da ya shigo."

Likita ta rubuta. Da za ta tafi ta ce kada mu ɗora wa kanmu. Ta ce ta shiga gidajen da ko kyanwa ba ta tsallaka ƙofarsu ba. Iska, tsuntsu, ƙuda, tayar mota, ba wanda zai iya cewa ga hanyar.

Bayan sun fita na tambayi Fusae me ya sa. Ta ce, "Takarda ɗaya a ƙofar Kimie ba ta isa ba?"

An rufe ƙofarmu da shuɗin tamfol. Daga gada ana ganinsa.

Lahadi, 23 ga Mayu

Waya ta yi ƙara sau huɗu. Lambar Jinpei ce. Ban ɗauka ba.

Talata, 25 ga Mayu, da safe

Layin taswirar bai bi rafi ba. Ya haɗa da mu, da gangare, har bayan makaranta. Ke nan ko da Tsuru ta ci abincinta ranar nan, ƙarshen ɗaya ne. Na faɗa wa kaina haka sau da yawa yau. Bai shiga ba.

Na yi feshi. Fusae ta ce, "Don wa kuma?" Na ce don na gangare. Gaskiyar ita ce ban san abin da zan yi da hannuna ba.

Shida ba su ci ba. Ya sake kira, sau biyu.

Juma'a, 28 ga Mayu, da yamma

Shaf ɗin yana juyawa lafiya. Ko ɗigo ɗaya babu a ƙasa. Aikin hannunsa ne, ba na tsammanin kamfani zai yi wanda ya fi shi. Na zauna ina kallonsa yana juyawa har mai ya kusa ƙarewa.

Na dafa shi awa ɗaya da rabi. Na sake ruwa. Na ƙona safar. Amma bokitin fa? Gindin bokitina ya taɓa katakon gada. Na wanke gindin? Ina jin na wanke.

Muna dama musu dusa ruwa-ruwa. Satsuki ba ta iya kama nono. Fusae tana ba ta da kwalba, rabi yana zubewa.

Litinin, 31 ga Mayu

Satsuki ba ta jira zuwan motar haƙa ba. Goma sha huɗu.

Laraba, 2 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma

An ce gobe, ƙarfe takwas. A filin ciyawarmu na baya za a haƙa.

Fusae ta wanke su ɗaya bayan ɗaya da ruwan ɗumi, ta taje su. Ta yanke ɗan gashin wutsiyar kowace, ta naɗe a farar takarda, ta rubuta suna, ta jera a gaban hoton mahaifina ta kunna turare. Na buɗe buhun abincin da muke ajiye wa masu shiga gasa, na zuba wa duk mai iya ci.

Na mayar da tarakta rumfa don a samu hanya.

Alhamis, 3 ga Yuni

An ce mu zauna a cikin gida. Amma Tsuru ta ƙi bin baƙo, sai aka kira ni. Ni ta bi.

Asabar, 5 ga Yuni, ƙarfe biyar na safe

Na farka, na sa takalmi, na kai har ƙofar ɗakin kafin na tuna.

Talata, 8 ga Yuni, da rana

Mun kwashe taki, mun ƙona ciyawa, na wanke ɗakin da babban famfo daga rufi zuwa ƙasa. Wannan karon ba sai na kauce wa kowa ba.

Kimie ta kira Fusae. Na ji daga inda nake zaune. Tun ranar da ya hango tamfol a ƙofarmu Jinpei ya daina cin abin kirki. Ya kulle gareji ya jefa makullin a rafi. Yana zama a baranda yana fuskantar gidanmu. Ya ce mata nasa ƙaddara ce, amma na Toku-yan shi ya kashe su da hannunsa.

Fusae ta aje wayar ta dube ni.

"Baban Shiho, ni na fara faɗin maganar banza ran nan, na san na faɗa. Amma shanu sun tafi. Shi ma so kake a haƙa masa?"

Na ce ba a ba mu izinin fita ba sai Asabar. Ta ce waya ba ta buƙatar izini. Na ɗauki wayar na riƙe, na aje. Ba maganar waya ba ce.

Asabar, 12 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

An cire tamfol da safe. Na haye gada, Fusae tana bayana da kwanon dafaffen dankali. Ana yayyafi.

Yana baranda kamar yadda aka ce. Bai tashi ba. Na zauna kusa da shi, matan suka shige ciki. Mun daɗe muna kallon ruwa.

Ya ce, "Kwana nawa tsakani?"

Na ce, "Sha ɗaya."

Ya gyaɗa kai. Ya san lissafin kamar yadda na sani. Na gaya masa abin da likita ta ce, iska da tsuntsu da ƙuda. Na ce ni na zo gada da ƙafata, ba wanda ya jawo ni. Na ce ban sani ba, shi ma bai sani ba, kuma haka za mu mutu ba mu sani ba.

Ya ce, "Sau tara na kira ka."

Na ce, "Sau goma sha biyu."

"Da ka ɗauka ka zage ni, Toku-yan. Da ka zage ni da na samu barci."

Na ce, "To ga ni na zo."

"To zage ni."

Na nemi zagi na rasa. Mutumin da na zaga kullum tun muna 'yan shekara shida. Abin da ya zo bakina shi ne wanda muke yi masa a aji ɗaya, lokacin da aka yi masa aski ya zo makaranta. Na ce, "Mai kan kabewa."

Ya dube ni. Bakinsa ya yi rawa kamar zai yi dariya, sai ya kifa fuska a gwiwa. Ban taɓa jin kukansa ba, ko ranar da aka binne uwarsa. Na dafa bayansa, duk ƙashi. Ni ma ban san lokacin da nawa ya zo ba, na farko tun ranar Alhamis ɗin nan. Matan suna ji daga ciki, ba wadda ta fito.

Can Kimie ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce abinci ya sauka, in muna so.

Ya ci shinkafa kwano ɗaya da rabi. Gobe zan koma.